Kwalbar Yaya

"Ba zan yi ba, Kawu."

Ta cikin takunkumin fuska na faɗa, shi ya sa ya yi kamar bai ji ba. Ya matso har takalminsa ya taka jan layin da aka shata a ƙofar ɗakin gwaji, layin da ba a yarda wanda ba ma'aikaci ba ya tsallake.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan canza sakamakon ba."

Kawu ƙanen Umma ne. Shi ya tsaya mana tun bayan rasuwar mahaifinmu, kuma a gidanmu ba ya faɗin magana sau biyu. Ya dube ni tun daga hular ledar da ke kaina har zuwa safar hannuna, kamar yana neman inda 'yar 'yar'uwarsa ta ɓuya a cikin kayan.

"Ni na ɗauki akwatinki na kai ki makarantar da kika koyo wannan aikin. Yau ni za ki kalla ki ce ba za ki yi ba? Uwarki na can rai a hannun Allah, ɗan'uwanki na bayan wancan gilashin, takarda ɗaya ce tsakaninsu, kuma biron yana hannunki."

"Yana hannuna, Kawu."

"To?"

Zufa tana gangaro mini a gadon baya duk da sanyin ɗakin.

Lokacin annobar korona ne, bayan an sake buɗe filayen jirgin sama. Duk wanda ya sauka daga ƙasar waje sai ya cika sharaɗi uku kafin a bar shi ya shiga gari. Ya nuna katin rigakafi, ya nuna takardar gwajin da bai wuce awa saba'in da biyu ba, sannan a sake gwada shi a nan, ya zauna a zauren jira har sakamako ya fito. Wanda aka samu da cutar, mota ce ke ɗaukarsa zuwa otal ɗin killacewa, ya yi kwana bakwai a sake gwada shi. Wannan gwajin na ƙarshe shi ne aikina. Ɗakinmu a da ma'ajiyar jakunkunan da suka ɓata ne, ba shi da taga, har yanzu da lambobin kantoci a bango. Firji biyu, na'ura ɗaya, sai ni da abokin aikina Dogo.

Yayana shekara bakwai ke nan yana aikin walda a tashar jiragen ruwa ta wata ƙasa, bai zo gida ba. Umma kuwa ƙoda ce. Wata takwas ana yi mata wankin ƙoda sau uku a mako, daga baya aka ba ta gado. Ranar da likitanta ya ja ni baranda ya ce, "Idan akwai wanda take son gani, ku kira shi," ni na kira Yaya. Ni na rubuta masa dokokin ɗaya bayan ɗaya: wace rigakafi ake karɓa, da ranar da zai yi gwaji don kada awanninsa su ƙare a hanya. Ya bi su duka yana tsokanata.

"Alƙaliya, saura me kuma? Hoton haƙorana?"

Shi ya laƙaba mini sunan tun muna yara, don ni ce mai kai ƙarar wanda ya fasa kofi, ko da ni ce na fasa.

Jirginsu ya sauka da ƙarfe goma na safe. Na saci minti biyu na je bakin gilashin zauren jira. Da ƙyar na gane shi, gemunsa ya fara furfura. Shi ya gane ni duk da kayan da ke jikina, wai daga tafiyata, kamar mai zuwa kama ɓarawo. Ya manna wata 'yar takarda a jikin gilashin yana dariya. Lambar kwalbarsa ce, ɗari uku da sha bakwai. Kwalaben da ake kawo mana ba su da suna, lamba kawai, don kada mai gwaji ya san na wa yake riƙe da shi. Da bai nuna mini ba, da na sa hannu ban san me na yi ba.

Na'urarmu zagaye arba'in take yi. Kowace kwalba tana da layinta a allon kwamfuta. Idan babu cuta, layin a kwance yake tafiya har ƙarshe. Idan ya ɗaga kai kafin zagaye na talatin da biyar, doka ta ce akwai cuta. Kwalba sittin da ɗaya muka saka daga jirgin nan. Sittin suka kwanta. Ta Yaya ta ɗaga kai a zagaye na talatin da huɗu.

Na sake gwadawa da sabon magani da sabuwar safar hannu. Talatin da huɗu.

Dogo ya leƙo ta kafaɗata, ya dubi lambar, ya dubi fuskata, ya gane.

"Wannan ai saura ce," in ji shi. "Ƙila ya yi ta tuni ya warke, gawar ƙwayar ce na'ura ke gani."

"Ko kuma yanzu take shigowa."

"Ko kuma. Amma ke ma kin san wanne ya fi yawa."

Na sani. Na kuma san cewa daga kwalba ɗaya ba mai iya rantsuwa.

Ya ja ƙofa ya rufe, ya zaro sabon tsinken auduga daga ledarsa ya miƙo mini.

"Jiya aka gwada mu, lafiyarki ƙalau. Kawo hancinki. Mu sa a sabuwar kwalba, mu liƙa lambarsa, waccan ta bi shara. Ba ƙarya za ki rubuta ba, abin da na'ura ta nuna za ki rubuta."

Dogo ba mugun mutum ba ne. Ya san Umma, ya taɓa ba ta jini. Da na ture tsinken, sai ya fita ya nemo Kawu a wurin masu jiran baƙi, yana ganin taimakona ya yi.

Shi ne Kawu yake tsaye a kan jan layi yana jiran amsa.

"Kawu, gado shida ne a ɗakin da Umma take. Duk masu ƙoda ne. Mura ma kayar da su take yi."

"Su 'yan'uwanki ne?"

"Ta gado na huɗu 'ya'yanta uku, ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba."

"Ni ba ƙidayar 'ya'yan mutane na zo yi ba. Naka sai naka. Boko ne ya cinye miki zuciya, wallahi, ya bar miki ƙashi."

Akwai abin da ban faɗa masa ba. Wata biyu kafin nan, wata mata ta durƙusa mini a daidai inda yake tsaye. Mijinta na kwance a asibiti, layinta ya ɗaga kai a talatin da uku. Ta kama gefen rigata tana roƙona da girman iyayena. Na ce mata doka ce, na sa hannu, na je na ci abincin rana. Ban san yadda ta ƙare da mijin ba, ban tambaya ba. In na buɗe wa Yaya ƙofar da na rufe mata, to ashe ranar nan ba doka na bi ba, rashin sanin matar ne kawai.

Na koma ciki na sa hannu. Hannuna bai yi rawa ba, kuma ina tuna cewa na ji haushin da bai yi ba.

Ni na kai wa Yaya labarin, ban bari wani ya kai ba. Gilashi a tsakaninmu, waya a kunnen kowa.

"Wasa kike."

"Ba wasa nake ba, Yaya."

"Kalle ni. Na yi miki kama da marar lafiya? Mako shida da suka wuce na yi 'yar mura, kwana biyu ta tafi. Shekaranjiya aka gwada ni a can, ga takardar, babu komai. Allura biyu na yi. Duk abin da kika ce na yi."

"Ka yi."

"To wa ya gwada ni a nan?"

"Ni."

Fasinjojin jirginsu suna ta wucewa ta bayansa da jakunkunansu, ana kiran lambobi.

"Alƙaliya," ya ce a hankali, "kwana nawa likita ya ce ya rage mata?"

"Bai faɗa ba."

"Zai kai bakwai?"

Na kawar da kai. Ya kashe wayar. Ma'aikata biyu cikin fararen kaya suka zo suka tafi da shi ta ƙofar gefe, yana jan wata ƙatuwar jaka mai ƙafa ɗaya a karye.

Kada a ce na naɗe hannu na zauna. A ranar na shiga ofishin babban likitan filin jirgin ban ƙwanƙwasa ba. Na shimfiɗa masa layin a kan tebur, na ce a sake gwada shi bayan kwana biyu, in layin ya ja baya an san saura ce. Ya cire tabarau ya murza idonsa.

"Hujjarki mai kyau ce. Amma takardar da aka turo mana cewa ta yi kwana bakwai. In na yi wa yayanki, gobe mutum ɗari ne a ƙofar nan, kowa da uwarsa."

Na rubuta wa kwamitin da ke sama da shi. Suka ce sai Litinin suke zama. Na je asibiti na roƙi a bar shi ya shiga cikin cikakkun kayan kariya, irin nawa, ko minti goma ne. Shugabar ma'aikatan jinya ta riƙe hannuna ta ce ko uwarta ce a kwance ba za ta yarda ba. Duk ƙofar gaba da na sani na buga. Ta baya ce kawai a buɗe, kuma ita na ƙi.

Otal ɗin yana bayan wurin ajiye motoci na filin jirgin, hawa huɗu, an ɗaure tagoginsa da waya don kada su buɗe sosai. Yaya yana hawa na uku, taga ta biyar daga hagu. Kullum da azahar nakan kai masa abinci a kula, in ba mai gadi, in tsaya a rana ina kallon sama. Ranar farko ya leƙo ya ja labule. Rana ta biyu ma haka. Mai gadi yakan dawo mini da kular a wanke, shi ya sa na san Yaya yana ci, ko yana ba wani.

Wayata kuwa ba ta huta ba. 'Yan'uwan da ban san suna da lambata ba duk sun kira. Wata gwaggo ta ce an ce ƙarin girma nake nema. Wata ta ce dama tun ina yarinya ba ni da ɗigon tausayi. Ina saurare har su gama, in ce na gode, in kashe. Ban ba kowa haƙuri ba. Ban ga laifin da na yi ba, kuma ban iya ba da haƙurin ƙarya.

Da yamma ina wurin Umma. An san ni a ɗakin, takardar gwajina kullum sabuwa ce. Ta ragu ƙwarai, ƙafafunta ne kawai suka kumbura har ba takalmin da ke shigarsu. Nakan kira Yaya ta bidiyo in riƙe mata wayar. Wannan kiran yana ɗauka. Tana shafa gilashin wayar da yatsa, hoton ya gushe, in dawo da shi.

"Ka tsufa," ta ce masa.

"Wutar walda ce, Umma. Ke kuwa kin koma yarinya."

"Maƙaryaci. Me ka kawo mini?"

"Sai na zo. Abin ba a nuna shi a waya."

"To ka yi sauri."

Matar gado na huɗu tana jin su tana dariya ƙasa-ƙasa, tana cewa, "Wannan ɗan naki da baki yake, Inna."

A rana ta huɗu, bayan na kashe wayar, Umma ta riƙe tsintsiyar hannuna. Ba ƙarfi a riƙon.

"Kawunki ya ce ke kika riƙe shi."

Na so in ce doka ce. Na so in yi mata bayanin zagaye talatin da huɗu. Amma Umma ce ta haife ni, ta san sanda nake laɓewa a bayan magana.

"Ni ce, Umma."

Ta juya kai ta dubi gadajen, ɗaya bayan ɗaya, har ta tsaya a kan na huɗu, inda matar take barci da robar jini a hannu. Ta daɗe a nan. Na zaci za ta ce na yi daidai. Har na shirya kukan da zan yi in ta faɗa.

"Da kin bar mini shi ko na minti biyar," ta ce. Sai ta saki hannuna. "Ba ni ruwa."

Na ba ta. Cokali uku aka yarda ta sha.

Washegari da la'asar ta cika, ina zaune kusa da ita ina yanke mata farce. Kwana biyar da saukar Yaya. Na gama yanke na ƙaramin yatsan kafin na kira ma'aikaciyar jinya, ban san dalili ba.

Ni na kira Yaya. Na faɗa masa. Na ji wani abu ya faɗi a ɗakin, sannan wayar ta mutu.

Kawu ne ya sa direban motar asibiti ya yi zagaye ta hanyar filin jirgi kafin a kai ta makwancinta. Ban san ya yi wannan tunanin ba sai da na ga motar ta shigo, don ina can tun kafin su, a wurin da na saba tsayawa. Mai gadi ya ɗaga musu ƙarfen ƙofa bai tambayi takarda ba. Motar ta tsaya a ƙasan taga ta biyar, aka buɗe ƙofar baya. Daga hawa na uku ba abin da mutum zai gani sai farin ƙyalle. Yaya ya tura tagar iya inda wayar ta bari, ya zuro hannu ɗaya har gwiwar hannu. Haka hannun ya tsaya a iska. Minti biyu, ko uku. Kawu ya rufe ƙofar motar da kansa, ya wuce ta gabana kamar ya wuce turken lantarki.

A rana ta bakwai aka kawo kwalaben otal, kowacce da lambarta ta ranar farko. Na ce wa Dogo shi zai saka su, ni zan tsaya a baya. Muka zuba wa allon ido. Talatin da huɗu ya wuce. Talatin da biyar. Layin Yaya ya tafi a kwance har arba'in.

Dogo ya buɗe baki, na ce, "Kada ka ce komai." Bai ce ba.

Wannan bai nuna cewa ranar da ya sauka ba ya ɗauke da ita ba. Bai kuma nuna yana ɗauke da ita ba. Na karanta duk abin da zan iya samu a kan haka, har idona ya yi ja, kuma amsar ɗaya ce: ba wanda zai taɓa sani. Matar gado na huɗu tana nan da ranta, an sallame ta, tana zuwa wanki sau uku a mako. Wani lokaci nakan ce ni na bar wa 'ya'yanta uwa. Wani lokaci nakan ce ba abin da zai same ta ko da Yaya ya kwana a ɗakin.

Ya zo gida ana zaman makoki. Ya gaisa da kowa, ya wuce ɗakin Umma da jakar nan mai karyayyar ƙafa, ya rufe ƙofa. Da ya fito na shiga. A gaban gadonta ya ajiye takalma masu taushi, ruwan toka, irin waɗanda ake buɗe bakinsu a ɗaure daidai kumburin ƙafa. Ni na taɓa gaya masa a waya cewa ba takalmin da ke shigarta. Ya jera su kamar za ta sauko ta saka.

Na yi hidimar baƙi kwana da kwanaki. Ina shiga da tire hira ta tsaya, ina fita ta ci gaba. Ban sunkuyar da kai ba, ban kuma ɓuya a ɗaki ba. Gidan uwata ne. Wanda ya kalle ni na kalle shi. Sai na shiga banɗaki na buɗe famfo nake yin abin da zan yi, in wanke fuska in fito.

Mako uku Yaya ya yi, muna kwana a gida ɗaya, bai ce mini ko sannu ba. Sai hutunsa ya ƙare. Ƙasar da yake aiki ma tana neman takardar gwaji kafin a shiga, kuma a lokacin ɗakinmu ne kaɗai jirage suka yarda da hatiminsa. Wannan karon bai nuna mini lambarsa ba. Na gwada kwalba tamanin a ranar ban san wacce ce tasa ba, duka suka kwanta. Mai raba takardu ba ta zo aiki ba, don haka ni na zauna a 'yar tagar da ake miƙawa. Ya zo a layi kamar kowa. Ba jaka a hannunsa sai ƙarama ta rataya.

Na nemo takardarsa, na duba suna, na duba hatimi, na tura ta ƙarƙashin gilashi.

"Yaya," na ce.

Ya karanta ta tun daga sama har inda na sa hannu, ya ninke ta biyu ya sa cikin fasfo.

"Na gode, ma'aikaciya," ya ce. Ya matsa wa na bayansa.

Bayan wata huɗu aka sassauta dokar. Mai cikakkiyar rigakafi ya daina yin gwaji in ya sauka, katinsa kawai zai nuna ya wuce. Aka kwashe na'urarmu, ɗakin ya koma ma'ajiyar jakunkuna, aka mayar da ni asibitin cikin gari.

Mutane sun gaji da zagina, yanzu tambayata suke yi ko na yi nadama. Nakan ce in aka sake ajiye mini kwalbar nan da gadajen nan shida, abin da na yi shi zan sake yi. Ba sa son amsar, ni ma ba daɗinta nake ji ba. Amma na san abin da ta ci mini, ba sai wani ya tuna mini ba. Umma ta tafi ba ta taɓa ɗanta ba, kuma maganar ƙarshe da ta yi mini a kansa roƙo ne da ban biya mata ba. Kawu yana amsa gaisuwata da ka. Yaya shekara uku ke nan bai ɗauki wayata ba, kuma duk duniya ba wanda ya rage da ke kirana Alƙaliya.